Don Williams Bai Taɓa Ɗaga Murya Ba

Duk wanda ya yi zamanin kaset ya san muryar Don Williams, ko da bai san fuskarsa ba. An haife shi a Jihar Texas ta Amurka cikin 1939, ya mutu ran 8 ga Satumba, 2017. Waƙoƙinsa 17 ne suka hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin karkara na ƙasarsa, aka kuma shigar da shi zauren gwanayen wannan kiɗa a Nashville cikin 2010.

Amma a ganinmu ba lambobin yabo ne gadonsa ba. Mutumin nan ba ya ihu, ba ya tsalle. Sai ya zauna bisa kujera da malafarsa da jitarsa, yana waƙar aure da amana da haƙuri cikin natsuwa, har direban da ba ya jin Turanci yakan sayi kaset ɗinsa. Ƙaunar da mutanen Afirka ke yi masa ce ta kai shi Harare cikin 1997.

Yau kuwa amon kiɗa ya danne kalma a gidajen rediyonmu. Lalle ne su ware wa irin waƙoƙinsa ko da rabin sa'a a mako, don matasan mawaƙanmu su saurara.