Denmak na raino, Foland na cin moriya

Idan sanyi ya ja da baya a ƙasar Denmak, wajejen watan Afrilu zuwa Mayu, sai a buɗe kakar wani tseren babur da ake kira sifidwe, a yi ta gwabzawa har watan Satumba. Na san da yawa daga cikin masu karatu ba su taɓa ganinsa ba. Ni ma a waya na fara cin karo da shi, kuma abin da ya tsayar da ni shi ne jin cewa babur ɗin ba shi da birki. E, babu birki sam, giya kuma ɗaya ce tal. Injin mai cc 500 ne, yana shan man metanol maimakon fetur. Mutum huɗu ke tashi lokaci guda, su zagaya fili mai siffar ƙwai sau huɗu, kwanar duk ta hagu. Idan an zo kwana sai mahayi ya karkatar da babur, tayar baya na zamewa tana watsa ƙasa, ƙafarsa ta hagu mai takalmin ƙarfe na jan ƙasa. Na ɗaya maki 3, na biyu 2, na uku 1, na ƙarshe ya tashi a tutar babu. Cikin minti ɗaya ko sama kaɗan an gama, sai wasu huɗun su fito.

Ƙungiyoyin gasar ba na manyan birane ba ne. In ka cire Esbjerg, sauran irin su Holsted da Fjelsted da Slangerup da Grindsted ƙananan garuruwa ne, wasu ma ƙauye za ka kira su. Amma ƙasar nan da mutanenta wajen miliyan 6 ne kawai ta ci kambun duniya na mutum ɗaya har sau 14. Ole Olsen ya ci a 1971 da 1975 da 1978. Erik Gundersen ya ɗauka sau uku, Hans Nielsen sau huɗu, Jan O. Pedersen a 1991, sai Nicki Pedersen a 2003 da 2007 da 2008. Olsen ɗin ne ma ya tsaya aka gina filin Vojens a 1975, wanda har yau ake karɓar gasar duniya a cikinsa.

To ina matsalar? Mahayin sifidwe ba ƙungiya ɗaya yake wa aiki ba. A mako guda yana iya hawa a Suwidin ranar Talata, ya sauka Denmak ranar Laraba, ya wuce Foland ƙarshen mako. Kuɗin kuwa a Foland suke: can ne ake cika filaye, can ne talabijin ke biya da tsoka. Don haka yaron da aka raina a Holsted ko Esbjerg, da ya fara tashe, sai kwantiraginsa na Foland ya zama uwar gida, wasan gida ya koma na cike gurbi. Har ta kai babbar gasar Foland na ƙayyade wa mahayanta yawan ƙasashen da za su yi wa wasa. Mai kuɗi ke da magana. Mu da muke kallon yadda 'yan ƙwallonmu ke tafiya Turai tun ba su gama girma ba, ai wannan ba baƙon labari ba ne a wurinmu.

Akwai masu ganin mafita ita ce ƙungiyoyin Denmak su buɗe lalita, su riƙa ɗauko shahararrun baƙi don jawo 'yan kallo. Ban yarda ba. Ƙungiyar ƙauye da ke rayuwa da gumin 'yan sa-kai da tallafin 'yan kasuwar gari, ta ce za ta yi gogayyar kuɗi da Foland? Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya. Kuma duk gurbin da aka ba baƙon da zai zo da yamma ya tafi da dare, an ƙwace shi ne daga hannun yaron gida.

Ƙarfin Denmak a wurin yara yake. Suna farawa da ɗan ƙaramin babur mai cc 50, su hau zuwa 85, sannan 250, kafin a miƙa musu babban. Kowane mataki da filinsa da ƙa'idarsa, a ƙarƙashin hukumar wasannin babur ta ƙasar, DMU. A matsayina na mai riƙe alli, wannan ne ya fi burge ni: ba a tsallake aji. Amma yaron da ya gama duk waɗannan azuzuwa yana bukatar inda zai kara da manya, ya sha ƙurarsu, ya ga yadda suke shiga kwanar farko. In gasar gida ba ta ba shi wannan ba, wa zai ba shi? Foland ba ta sayen ɗanye, nunanne take so.

Kada a ce na rufe ido ga haɗarin abin. Gundersen yana kan ganiyarsa ya yi mummunan hatsari a Bradford ta Ingila a 1989, da ƙyar ya rayu, bai sake tsere ba. Jan O. Pedersen ya ci kambu a 1991, shekara ta zagayo ya ji ciwo a baya, shi ke nan. In ɗana ne, gaskiya sai na yi dogon tunani kafin in sa hannu a takarda. Sai dai wannan ma hujja ce a gare ni. Tunda iyaye ne ke ɗaukar wannan fargaba, su sayi babur, su kwana suna gyaran inji, bai kamata ranar Laraba ta zo ɗansu na zaune a gefe yana kallon baƙo a gurbinsa ba. Shi kansa Gundersen, da ya samu sauƙi, wurin horar da matasan Denmak ya koma.

Tun 2008 kambun duniya bai sake komawa Denmak ba. Leon Madsen ya zo na biyu a 2019 da 2022, kuma duka biyun ɗan Foland ne, Bartosz Zmarzlik, ya sha gabansa.