Zaɓen Jami'a: Gani Ya Kori Ji

Duk wanda ya san kasuwar shanu ta Potiskum ya san ba a sayen sa da labari. Sai mai saye ya zagaya shi, ya duba haƙora, ya ga tafiyarsa, kana a shiga ciniki. To, abin mamaki shi ne yadda uban da ba ya yarda da wannan kasada a kan dabba yake barin ɗansa ya zaɓi jami'ar da zai yi shekara huɗu ko biyar a cikinta ba tare da ɗayansu ya taɓa taka ƙofarta ba.

Yadda abin yake shi ne, tun da aka kafa hukumar JAMB a 1978, ɗalibi yana rubuta sunan jami'ar da yake so ne tun lokacin cike takardar jarrabawa, watau a farkon shekara. Da yawa daga cikin yaranmu sukan yi wannan zaɓi a gaban kwamfuta, bisa shawarar aboki ko ta mai cike musu takardar. Ba su ganin harabar sai ran da aka kira su tantancewa, tsarin da jami'o'i suka soma a 2005. A lokacin kuwa alƙalami ya kusa bushewa, domin sauya jami'a sai da ƙarin kuɗi da ɓata lokaci. Wannan ai cinikin biri a sama ne.

A da can akwai uzurin nisa, lokacin da ɗan wannan yanki sai ya nufi Zariya ko Kano, ko Maiduguri wadda ta sami jami'a a 1975. Yanzu kuwa Jihar Yobe tana da jami'arta a Damaturu tun 2006, tafiyar kilomita 100 ko kusa da haka daga Potiskum. Ga ta Tarayya a Gashuwa tun 2013, ga kuma ta Gadau kusa da Azare. Mutum na iya sammako ya je ya dawo a yini guda.

Ziyarar ba ta kallon gine-gine ba ce. Mai neman shiga ya tambaya ko hukumar NUC ta amince da fannin da yake so, domin rashin wannan amincewa na iya jawo masa cikas bayan ya kammala. Ya leƙa ɗakin gwaje-gwaje da laburare. Ya ji daga bakin tsofaffin ɗalibai ko ana samun ɗakin kwana a ciki, ko sai an kama haya a gari, da yadda ruwa da wuta suke, da abin da abinci ke ci a wata.

Har ila yau, akwai maganar tsoro. Mutanen Potiskum ba su manta da harin 10 ga Nuwamba, 2014 ba, wanda ya hallaka ɗalibai fiye da 40 a makarantar sakandaren kimiyya ta garin. Uban da yake ɗari-ɗarin sakin 'yarsa zai fi samun natsuwa in ya ga ɗakin kwanan mata da masu gadinsa da idonsa, fiye da duk wani lallashi.

Gaskiya ne kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, ba kowane gida ne zai iya ba. Saboda haka ne muke ganin nauyin ya rataya a wuyan shugabannin makarantu da ƙungiyoyin iyaye da malamai. Su yi karo-karo su ɗauki mota guda ga 'yan ajin ƙarshe kafin a buɗe rajista. Jami'o'in su ma su keɓe rana ɗaya a shekara, su buɗe ƙofa, su tanadi masu amsa tambayoyi.

Kuɗin motar yini ɗaya bai kai asarar shekara huɗu ba.