Kuɗin Haya na Shekara Biyu

A unguwar Alajo cikin birnin Akra, yawancin masu kwana a waje suna da aikin yi. Akwai yaron mota, akwai mai sayar da ruwan leda, akwai 'yar dako wadda ta wuni da kwanon kaya a ka. Da dare sai su shimfiɗa kwali a gindin kanti, ko su cunkushe cikin rumfar katako a bakin Odaw, rafin da ke kwashe ruwan unguwar zuwa tafkin Korle. Masu ɗaki sukan ce lalaci ne ya kai su can. Wannan magana ƙarya ce, masu gidajen haya kuwa sun fi kowa sanin haka.

Abin da ke hana talaka ɗaki shi ne kuɗin gaba. Dokar haya ta ƙasar Ghana, ta shekarar 1963, ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin wata 6 a gaba. Amma a Alajo da Nima da Maamobi, mai neman ɗaki yakan ji an ce sai ya kawo na shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, ga kuma la'adar dillali. Mutumin da ke cin abin da ya samu yau, ina zai tara kuɗin wata 24? Zai iya biyan wata wata, gama yana biyan kuɗin wanka da na bayan gida kowace rana ba fashi. Ƙofar ce aka rufe masa tun bai buɗe baki ba.

Abin kunya kuwa, a zango ake yin wannan. Zango wurin saukar ayari ne. Fataken Kano da Katsina da suka bi hanyar Gwanja neman goro, in sun isa Salaga, akwai mai gida da zai ba su masauki, ya ajiye musu dukiya, ya nemo musu masu saye. Ba sadaka yake yi ba, yana samun rabonsa, amma sai bayan baƙo ya yi ciniki. Ita kanta Nima baƙi ne suka cika ta tun daga shekarun 1930, zamanin Malam Futa. Jikokin waɗanda aka saukar su ne yau suke tambayar baƙo kuɗin shekara biyu.

Hukuma kuma maganinta katafila. A daren 3 ga Yuni 2015 ruwa ya cika Odaw, wuta ta tashi a gidan mai na GOIL kusa da shataletalen Kwame Nkrumah, mutum wajen 150 suka hallaka. Kafin watan ya ƙare aka kai katafila Old Fadama, aka rushe rumfunan da ke bakin ruwa, dubban mutane suka kwana a fili cikin damina. Gaskiya ne gini a kan hanyar ruwa hatsari ne. Amma wanda aka rushe wa rumfa ba ya ɓacewa. Yakan kwashe langa-langarsa ya matsa gaba, ya sake kafawa a bakin wani rafi ko gefen hanyar jirgi, gama nan ne kaɗai ba a tambayar kuɗin gaba.

Mutanen birni sun laƙaba wa Old Fadama suna Saduma da Gwamrata. Mai bi da ke faɗin sunan nan yana murmushi, ya kamata ya buɗe littafin Ezekiyel sura 16. Laifin da aka lissafta wa Saduma a wurin ya haɗa da ƙoshi da girman kai da ƙin taimakon matalauci. Bisa ga wannan ma'auni, sai a sake tambaya ko a wane gefen rafi Saduma take.

A shekarar 2023 gwamnati ta buɗe shirin rancen haya: ta biya wa mutum kuɗin gaba, shi kuma ya riƙa mayarwa wata wata. Watau maimakon a hana mugun hali, sai aka ɗauki nauyinsa. Ga shi kuma sai mai neman rancen ya nuna shaidar abin da yake samu. 'Yar dako ba ta da takardar albashi.

Ikkilisiya ba ta bukatar jiran kowa a nan. Cikin dattawanta akwai masu gidajen haya, suna kuma zaune a kujerun gaba kowace Lahadi. Idan ana iya tsawata wa mai bi saboda giya, me zai hana a tsawata masa saboda karya dokar haya? Mai gida yakan ce tsoronsa kada ɗan haya ya gudu da bashi, ko kuwa da kuɗin gaba yake gyara rufi. To, sai majalisar ikkilisiya ta tsaya wa ɗan haya lamuni, ta rubuta sunanta a takarda, mai gida ya karɓi na wata 3 ya miƙa mabuɗi. Buhun shinkafar da ake rabawa lokacin Kirsimati yana da kyau, amma wadda aka ba ba ta da inda za ta ajiye shi ruwa bai taɓa ba.