Idan karen gadi ya fara jan ƙafafun baya

Yau za mu leƙa kejin karen gadi, tunda gidajenmu da dama a Legas, Ibadan da Abuja na ajiye kare saboda tsaro, musamman irin na Jamus da ake kira Alseshiyan.

Akwai wani ƙari da ke fito wa karnuka a laka, a tsakiyar gadon baya, yawanci daga wata 6 zuwa shekara 3 da haihuwa. Ba kasafai ake samun sa ba, amma Alseshiyan na cikin waɗanda ya fi kamawa. Idan ƙarin ya girma sai ya danne laka, saƙon ƙwaƙwalwa ya daina isa ƙafafun baya. Da farko karen zai riƙa tangaɗi, yana jan farata a ƙasa har su goge. Daga baya ƙafafun su shanye, fitsari ya riƙa zubo masa, alhali ƙafafun gaba lafiya lau.

Sai dai a kula, ciwon haukan kare ma kan zo da shanyewar ƙafafu. Saboda haka a fara raba shi da yara, kada kowa ya taɓa bakinsa, a duba katin rigakafinsa. Wanda ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya garzaya asibiti.

Kada a ba shi maganin mutane. Ibuprofen na iya lalata masa ciki da ƙoda. A kai shi wurin likitan dabbobi da wuri. Akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ibadan da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Hoton ƙashi ba ya yawan nuna wannan ƙari, sai hoton MRI. Akan yi tiyata a cire shi, amma yakan dawo, kuma idan an makara ƙafafun ba sa tashi.

Idan ba halin magani, a nemi shawarar likita, kada a yar da shi a bakin titi. Dabbar da ta kwana tana gadinmu amana ce, kuma hadisi ya zo da labarin mutumin da Allah Ya gafarta wa saboda ya shayar da kare ruwa.

Sai mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu.