Ra'ayinmu: Mu yi ta gardamar kilishi, amma kada mu yi murnar rufe iyaka

Duk inda ɗan Najeriya da ɗan Nijar suka haɗu a ƙasar waje, Jidda ce ko Landan ko Zangon Kumasi, ba a rasa tsokana. Ɗan Nijar zai ce kilishin Kano ai takarda ce aka shafa wa yaji. Ɗan Najeriya ya ce to a yi a hankali, wutar da ake kallon kokowa da ita a Yamai daga ina take zuwa? Wancan ya zaro jaka ɗaya ta sefa ya ce a canza masa, ya ga buhun naira nawa za a ba shi. A yi dariya, a sa hannu a kwano ɗaya. Wannan wasa tsoho ne, Kanawa da Damagarawa sun daɗe suna yin sa.

Abin da ya dame mu shi ne yadda wasan ke rikiɗewa ya zama gaba da zarar gwamnatoci sun saɓa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, ƙungiyar ECOWAS ta sa takunkumi, Najeriya ta rufe iyaka ta kuma yanke wutar lantarki. Sai ga wasunmu, daga ɗakunansu na Turai da Amurka, suna tafi a Facebook wai "bari su ɗanɗana". A ƙarshen 2024 kuma, da Janar Tiani ya zargi hukumomin Najeriya da haɗa baki da Faransa, Najeriya ta musanta, sai zagi ya ɓarke ta kowane ɓangare, har da iyaye da kakanni.

To wa ya ɗanɗana? Iyakar nan ta kai kimanin kilomita 1,500, kuma kusan duk tsawonta gonaki ne da kasuwanni da gidajen surukai. Jibiya na kallon Maraɗi, Illela na kallon Ƙonni, Maigatari na cika da dabbobin Nijar ranar kasuwa. Da aka rufe, manyan motoci sun yi ta jibgewa a bakin iyaka, albasa ta ruɓe a buhu, 'yan dako da direbobi da masu sayar da abinci a tasha suka rasa na cefane. Magunguna sun yi ƙaranci a Nijar. Mai ciwon suga ko hawan jini ba ya iya jiran 'yan siyasa su shirya, kuma allurar da ke buƙatar sanyi ba ta san dalilin ɗauke wuta ba. Sai a watan Maris na 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. Kafin wannan ma an ga irin haka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, lokacin da gwamnatin Buhari ta rufe iyakoki saboda fasa-ƙwaurin shinkafa. Shinkafar ba ta daina shigowa ta daji ba, tsada kawai ta ƙara.

Mu da ke aika kuɗi gida mun fi kowa sanin wannan. Duk ranar da aka toshe hanya, abin da ka tura wa Inna na wata guda ba ya kai ta mako uku.

Ba muna cewa kishin ƙasa laifi ba ne. Kowace gwamnati na da haƙƙin kare abincin mutanenta, da tare makamai da 'yan bindiga masu tsallaka iyaka. Amma kishin ƙasa na gaskiya shi ne ka tambayi gwamnatinka: wannan matakin, talakan ƙasarmu zai amfana ko zai wahala? Sau da yawa amsar ɗaya ce a Katsina da Katsinan Maraɗi, domin abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Nijar ta fice daga ECOWAS a watan Janairun 2025, amma ba ta tashi daga inda Allah ya ajiye ta ba. Layin dogon da aka ƙaddamar a 2021 daga Kano zuwa Maraɗi shaida ce cewa shugabannin ma sun san haka. Kiranmu gare su shi ne, in an yi saɓani, a fitar da abinci da magani da wuta daga cikin faɗan.

Mu kuma 'yan ƙasar waje, namu aikin mai sauƙi ne. In an turo maka bidiyon zagin wata ƙasa, kada ka tura gaba. Ƙungiyoyinmu su riƙa gayyatar juna suna da walima da taron Sallah, kamar yadda iyayenmu suke yi a zango. In kuwa gardama ake so, ga kilishi nan, kowa ya kawo nasa a ɗanɗana. Allah ya bar zumunci.