WA ZAI SA MAJINYACI BARCI, WA KUMA ZAI TASHE SHI?

A wannan mako filinmu zai leƙa ɗakin tiyata ne, don mu yi magana a kan wani ma'aikaci wanda galibin majinyata ba su san sunansa ba, balle su yi masa godiya. In aka yi wa mutum aiki a asibiti ya tashi lafiya, yabo yakan tafi ga likitan da ya riƙe wuƙa. Amma akwai wani likita da yake tsaye daga wajen kan majinyaci tun daga farkon aiki har ƙarshensa. Shi ne yake sa shi barci, ya riƙe masa numfashi, ya lura da bugun zuciyarsa da hawan jininsa, ya ƙara masa ruwa ko jini in bukata ta kama, sa'an nan in an gama ya komo da shi cikin hayyacinsa. Wannan shi ne likitan sa barci, watau mai ba da maganin nan da wasu ke kira banju, kalmar da muka aro daga Larabawa.

Wannan fanni bai daɗe ainun a duniya ba. A ran 16 ga watan Oktoba na shekarar 1846 ne wani likitan haƙori mai suna William Morton ya nuna wa manyan likitocin birnin Boston na Amurka cewa ana iya shaƙa wa mutum magani ya yi barci, a yanke masa ƙari a wuya ba tare da ya ji zafi ba. Kafin wannan rana kuwa, danne majinyaci akan yi da ƙarfin tsiya, gwanin tiyata kuma shi ne wanda ya fi kowa sauri. Cikin 1853 Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta yarda aka shaƙa mata irin wannan magani wajen haihuwa, daga nan mutane suka saki jiki da shi. Cikin 1898 kuma wani Bajamushe, August Bier, ya gwada allurar gadon baya, wadda take kashe jiki daga ƙugu zuwa ƙafa mutum yana farke. Ita ce allurar da ake yi wa mata da yawa a yau in za a ciro musu jariri.

A nan Nijeriya, asibitin koyarwa na Badun, wanda aka buɗe cikin 1957, da na Ikko, wanda ya biyo baya cikin 1962, su ne suka fara rainon wannan fanni, likitoci daga Kanada kuma sun ba da hannu ƙwarai wajen kafa sashen na Ikko. A wancan zamani duk wanda yake son ya ƙware sosai sai ya haye teku zuwa Ingila. Wannan ne ya sa aka kafa Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa bisa Doka ta 67 ta shekarar 1979, wadda mazauninta yake Ijanikin a Jihar Ikko. Akwai kuma Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma, wadda aka aza harsashinta a Badun cikin 1960. Kowace daga cikinsu tana da tsangayar sa barci, kuma ta hannunsu ne likita yake samun shaidar ƙwarewa ba tare da ya bar gida ba.

To, bari mu bi hanyar daki-daki, don mai karatu ya ga tsawonta. Yaro in ya shiga jami'a zai yi shekara 6 kafin ya fito likita. Daga nan sai shekara 1 ta sanin makamar aiki a ƙarƙashin manya, inda zai zagaya sashen tiyata, da na yara, da na mata masu ciki, da na cututtukan manya. Abin lura a nan shi ne, sa barci ba ya cikin waɗannan manyan sassa huɗu, saboda haka sabon likita yakan gama wannan shekara bai ɗanɗani fannin sosai ba. Sai kuma shekara 1 ta yi wa ƙasa hidima. Bayan wannan ne zai zauna jarrabawar share fage, wadda take gwada saninsa game da ginin jikin ɗan Adam, da yadda gaɓoɓi suke aiki, da tasirin magunguna, har da ilmin iska da na'urorin awo, gama wanda zai tura iska cikin huhun wani dole ne ya san halin iskar.

Cin wannan jarrabawa ba shi ne shiga ba. Sai ya sami gurbi a asibitin da kwalejin ta amince da shi, kamar asibitocin koyarwa na Zariya, da Kano, da Maiduguri, da Sakkwato, da Jos, da Ilori, da Inugu, ko Babban Asibitin Ƙasa na Abuja. In ya samu, zai yi shekara 2 zuwa 3 a matsayin ƙaramin mai neman ƙwarewa, yana kwana asibiti, yana koyon sa bututu a maƙogwaro, da allurar gadon baya, da farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya, yana kuma rubuta kowane aiki da ya yi a littafin shaida. Sai jarrabawar Kashi na Ɗaya. In ya haye, sai ya ƙara shekara 2 zuwa 3 a matsayin babba, inda zai shiga aikin jarirai, da na ƙwaƙwalwa, da na ƙirji, da sashen kulawa ta musamman wanda jama'a suke yi wa laƙabi da gobe da nisa. A ƙarshe ya rubuta kundin bincike, ya kare shi a gaban malamai a jarrabawar Kashi na Biyu. In muka tara lissafi, daga ranar da yaro ya shiga jami'a zuwa ranar da za a kira shi ƙwararre, shekara 12 zuwa 14 ke nan, in babu faɗuwa jarrabawa, babu yajin aiki, babu zaman jiran gurbi. Wanda ya san ƙasarmu ya san da wuya a tsallake waɗannan uku gaba ɗaya.

Wannan lissafi shi ne abin da nake so masu mulki su dube shi da idon basira. Gwamna yana iya gina ɗakin tiyata cikin shekara guda, ya sa fitilu, ya yanka ƙyalle, a buga hoto a jarida. Amma mutumin da zai sa ɗakin ya yi amfani ba a sayo shi da kwangila, rainonsa ake yi, kuma rainon ya fi wa'adin mulkin gwamna biyu tsawo. Wannan ne dalilin da ya sa fannin ba ya burge 'yan siyasa, domin wanda ya shuka ba lalle ne ya ga girbi yana kan kujera ba.

Ga kuma inda rashin shukar ya kai mu. Ƙungiyar likitocin sa barci ta duniya ta ba da shawarar kowace ƙasa ta samu aƙalla likita 5 na wannan fanni ga kowane mutum 100,000. A ƙidayar da ta bayyana cikin 2017, Nijeriya ba ta kai ko 1 ba. 'Yan kaɗan ɗin da muke da su kuwa sun taru ne a manyan birane da asibitocin Gwamnatin Tarayya. Wani babban bincike da aka yi a ƙasashen Afirka 25, aka buga cikin 2018, ya nuna cewa majinyacin Afirka ya ninka na sauran duniya sau biyu wajen haɗarin mutuwa bayan tiyata, alhali kuwa ya fi su ƙuruciya, ciwonsa ma sau da yawa bai kai nasu nauyi ba. Masu binciken sun danganta wannan da ƙarancin ma'aikata da kayan lura da majinyaci bayan an fito da shi daga ɗakin aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta cewa cikin matan da suka mutu wajen haihuwa a duniya a shekarar 2020, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu 'yan Nijeriya ne. Matar da naƙuda ta gagara, ko jini ya ɓalle mata, ko jijjiga ta kama ta da tsakar dare, ba ta da lokacin tafiyar mil ɗari zuwa asibitin koyarwa. Ranta yana rataye ne ga wanda yake kusa.

Wanda yake kusa ɗin nan, a yawancin asibitocin jihohi, nas ne da ya sami horon wata 18 a kan sa barci, wani wuri kuwa likita ne mai difloma ta shekara 1. Waɗannan bayin Allah sun cancanci yabo, don su ne suke riƙe da karkara, in ba domin su ba da an rufe ɗakunan tiyata masu yawa. Amma an tsara aikinsu ne a kan za su sami ƙwararre da zai duba su, wanda za su kira in al'amari ya rikice. Inda babu wannan ƙwararre, an ɗora musu kayan da ya fi ƙarfinsu, kuma in tsautsayi ya auku su ake zagi.

Me ya sa samarin likitoci ba sa rububin wannan fanni? Na farko, ba shi da suna a idon jama'a. Uba yakan yi alfahari ya ce ɗansa likitan tiyata ne ko na mata, amma in ka ce masa ɗansa mai sa barci ne sai ya ɗauka allura kawai yake yi ya koma gefe. Na biyu, likitan ido ko na mata yana iya buɗe asibitin kansa da yamma, shi kuwa wannan kullum aikinsa a haɗe yake da na wani. Na uku, wahalar ta yi yawa, gama inda ya kamata a ce mutum goma suna karɓa-karɓa, sai ka tarar mutum uku ne, ga ƙarancin iskar oksijin, ga wutar lantarki mai ɗaukewa ana tsakiyar aiki. Na huɗu, kuɗin jarrabawa da na kwasa-kwasan da kwaleji ta wajabta, da kuɗin mota zuwa Ikko ko Badun ko Abuja, duk nauyi ne a kan ɗan albashi. Dokar Horar da Likitoci Masu Neman Ƙwarewa ta 2017 ta tanadi asusu domin wannan, amma jinkirin biyan kuɗin yana cikin ƙorafe-ƙorafen da ƙungiyarsu ta sha tafiya yajin aiki a kansu. Cikin 2021 sai da suka yi kimanin wata biyu ba sa aiki.

Ga wanda ya daure ya kai ƙarshe kuma, ƙofa a buɗe take. Ingila, da Kanada, da Saudiyya, duk suna neman irinsa ruwa a jallo, domin fanni ne da ko'ina a duniya ake ƙarancinsa. Annobar korona ta 2020 ta ƙara fito da darajarsa fili, don shi ne ya san sirrin na'urar taimaka wa numfashi. Sai ya zamana mun yi shekara goma sha wani abu muna kiwon saniya, ranar da ta fara ba da nono maƙwabci ya zo da ƙwarya. Ba na ganin laifin mai tafiya kamar yadda nake ganin laifin wanda ya ƙi tanadar masa wurin zama. Sau da yawa likita yakan gama horonsa a asibitin tarayya ya tarar babu kujerar ƙwararre a can, jiharsa kuma ba ta neme shi ba.

Saboda haka maganin yana hannun gwamnatocin jihohi fiye da kowa. Ya kamata kowace jiha ta riƙa ɗaukar nauyin wasu daga cikin likitocinta kowace shekara, ta tura su wannan horo da cikakken albashi, bisa yarjejeniyar za su komo su yi mata aiki na wasu shekaru, ita kuma ta cika nata alkawari na gida da kayan aiki da matsayi. Ya kamata kuma ta gyara aƙalla babban asibitinta guda ɗaya har ya kai matsayin da kwalejojin nan biyu za su amince a yi horo a cikinsa, don wanda ya koyi aiki a garinsu, ya yi aure a nan, 'ya'yansa suka shiga makaranta a nan, ya fi wuyar tumɓukewa. Kafin ƙwararrun su isa kuwa, a yawaita masu difloma, a haɗa kowane rukunin asibitocin karkara da ƙwararre guda mai zagayawa. Kada kuma a sake buɗe ɗakin tiyata sai an tabbatar da iskar oksijin, da 'yar na'urar nan da ake maƙala wa a yatsa don auna iskar jini, wadda kuɗinta bai kai na tayar motar kwamishina ba. Gwamnatin Tarayya ta fito da tsarin bunƙasa tiyata da haihuwa da sa barci da jinya na shekarun 2019 zuwa 2023, to, ya dace majalisun jihohi su tambayi ma'aikatun lafiyarsu abin da suka aiwatar daga ciki. Shugabannin Afirka ma sun yi alkawari a Abuja cikin 2001 cewa za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu domin lafiya, har yanzu kasafin tarayya bai cika wannan alkawari ba.

Makarantun likitanci su ma da nasu rabon. In ɗalibi bai ga fanni da kyau ba, ba zai so shi ba, don haka a tsawaita makonnin da ɗalibai suke yi a wannan sashe, a kuma ba masu sanin makamar aiki damar zagayawa ta cikinsa.

Mu kuma talakawa, in Allah ya kawo tsautsayin tiyata, mu san cewa likitan da ya zo da daddare yana tambayar abin da muka ci, da magungunan da muke sha, har da na gargajiya, ba bin ƙwaƙƙwafi yake yi ba. In ya ce kada a ci abinci awa 6 kafin aiki, kada dangi su ɓoye su ba majinyaci kunu don tausayi, gama abin da ke cikin ciki yana iya komowa ya shiga huhu yana barci. A gaya masa gaskiya, a kuma tambayi sunansa. Iyayen da Allah ya ba ɗa ko 'ya likita kuwa, in yaron ya ce wannan fanni yake so, a sa masa albarka, don aiki ne na tsaron rai a lokacin da mai ran ba ya iya tsaron kansa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa shugabanninmu su yi hangen nesa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.