Gidan bashi bai zama naka ba tukuna

Duk ma'aikacin da ya ga shekarun 1990 a Tibiri ko Dogon Dutsi ya san albashi ba gado ba ne: an yi watanni ba a biya ba, ga faɗuwar darajar sefa a Janairun 1994. Shi ya sa muke cewa, wanda ya gina gida da bashin banki ya gaggauta sauke shi tun albashi na zuwa. Ya sayi hatsi da kaka, ya rage almubazzarancin suna da aure, ya zuba kwasar adashe kan uwar kuɗi don ruwa ya ragu. Amma kada ya taɓa tukunya da karatun yara. Za a ce masa marowaci. Masu faɗa ba su biya masa.